Kwalba ta Huɗu

Ranar Litinin aka kawo kwalin sabon kayan gwajin jini, an jibge shi da ƙanƙara kamar kifi. Doralba Zapata ce ta sa hannu ta karɓa, don ita ce babba a cikin ma'aikatan ɗakin gwajin, shekararta goma sha bakwai tana juya jinin mutanen birnin Medellín a na'ura. Ta buɗe, ta duba 'yan kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga farantin roba mai ƙananan ramuka casa'in da shida ta kalle shi a haske. Sai da ta karanta takardar da ke ciki ne gabanta ya faɗi.

Aikin kayan ba shi da wuyar ganewa. Idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mutum suka fara mutuwa, akwai wani sinadari mai kama da zare, wanda ke riƙe da su daga ciki, da yake zuba ya shiga jini. Shi kayan suke kamawa. A ɗiga ruwan jini a rami, a wanke, a ɗiga wannan, a jira, a ɗiga wancan. In jinin mai lafiya ne, ramin ya fito fari-fari, da ƙyar ka ga launi. In kuwa na wanda kansa ya fara zubewa ne, sai ya yi rawaya, ko da mai jinin yana nan garau yana raha da mutane, bai ma san an fara ba.

Wilmar, abokin aikinta mai tumbi da bakin da ba ya rufuwa, ya leƙo ta kafaɗarta yana tauna wainar masara.

"Dona Dora, lafiya kika ƙame haka? Takardar ta zage ki ne?"

"Matsa mini da wannan maiƙon naka, kada ka ɓata mana kaya."

"Kayan duba ƙwaƙwalwa? Ai ni ba ruwana da su. Matata ta daɗe da yin nata gwajin, ta ce babu komai a ciki."

Dakta Leonor Cadavid, shugabar ɗakin, ta leƙo daga ofishinta da tabarau a goshi. "Gobe kowa ya zo da hannunsa, kada kowa ya karya kumallo. Mu takwas ne, mun isa."

To ga wata ɗabi'a ta masu aikin gwaji da ba a rubuta ta a kowane littafi ba, kuma ni dai ban ga alherinta ba. Duk sanda sabon kaya ya zo, kafin a amince a taɓa jinin marasa lafiya da shi, sai an gwada shi da jinin masu lafiya. Ina masu lafiyar? Ga su nan sanye da fararen riguna. Kowa ya naɗe hannun riga, wannan ya soki wancan, a yi dariya, a sha gahawa. Doralba ta ba da jininta ya fi sau talatin, an duba mata gishiri, an duba kitse, an duba hanta, ba ta taɓa cewa uffan ba. Idan ta ƙi na gobe, sai an tambaye ta dalili.

Dalilin kuwa babu wanda ya sani a ɗakin nan. Ta gaya musu hawan jini ne ya kashe mahaifiyarta, kuma ƙarya ce.

A Santa Brígida, can kan tudu inda aka haife ta, ba a kiran ciwon da sunan asibiti. Wauta ake ce masa. Yana bin jini, yana kama rabin 'ya'yan gida, ya bar rabi. Mutum ya haura arba'in yana cikin ƙarfinsa, sai wata rana ya tambaye ka abu sau biyu. Bayan shekara biyar bai san sunan matarsa ba, bayan goma ana ba shi abinci da cokali. Haka ya ɗauki mahaifiyarsu. A cikin 'ya'yanta shida ya riga ya ɗauki Gilma da Ovidio. Ranar da aka binne Gilma, huɗun da suka rage, Libardo da Hernán da Nidia da ita Doralba, suka tsaya a bakin kabari, babbansu Libardo ya sa kowa ya ɗora hannu a kan gicciye ya rantse: babu wanda zai je a duba shi, babu wanda zai duba wani. Abin da Allah ya rufe a bar shi a rufe. Doralba ce auta, yanzu shekararta arba'in da biyu, kuma in ta ajiye makulli ta manta inda yake, sai ta wuni tana tambayar kanta ko an fara ne.

Abu ɗaya ne ke sanyaya musu rai. A tudun an yi ittifaƙi cewa wanda ya cika hamsin da hankalinsa ya tsallake, kuma ranar ana yanka masa alade, duk ƙauye a zo a ci. Lahadin nan mai zuwa Libardo zai cika hamsin. Shi ne ya ɗauki mahaifiyarsu a baya yana kai ta wanka, shi ya yi jinyar Gilma, shi ne ke tashi da asuba ya zaga gonaki da motar madara ya ciyar da gidaje uku. Duk wanda ke cikin dangin in ya kwanta yana tsoro, da Libardo yake lallashin kansa: in na faɗi, akwai Yaya.

Washegari Wilmar ne ya ɗaure mata hannu. "Kai, wannan jijiya taki ta mutanen tudu, ko makaho sai ya same ta. Me kike rawar jiki kamar yau aka fara?"

"Ban sha gahawa ba ne. Yi ka gama."

Aikin juya kwalaben da rubuta lamba nata ne, kullum. Ta jera su takwas, ba suna, sai lamba, ita kaɗai ke riƙe da takardar da ta ce wane ne wane. Tata ce ta huɗu. Da na'ura ta gama raba ruwan da jan, sauran suka fita karyawa, ta tsaya ita kaɗai da kwalbar a hannu. Ruwan jininta ne, tas da shi kamar man gyaɗa, kuma nan da sa'a huɗu zai faɗi abin da ta shekara ashirin tana gudun ji.

Nan ne shawarar banza ta zo mata. Libardo yana da ciwon suga, duk wata in ya sauko birni da cukun sayarwa yakan biyo ta duba masa. Ragowar ruwan jininsa na makon jiya yana nan a bayan firjin ƙanƙara, cikin 'yar kwalba da ta rubuta wa harafi ɗaya. Ta ce a ranta, ai Yaya ya tsallake, saura kwana biyar kawai. Nasa zai fito fari, Dakta ta samu masu lafiyarta takwas, ni kuma na tsira da rantsuwata. Wa aka cuta? Ta narkar da nasa a tafin hannunta, ta juye a sabuwar kwalba, ta rubuta huɗu. Nata kuwa ta jefa a bokitin shara mai jan murfi, ta danna shi can ƙasa.

Haba Doralba. Mace mai ilimi, mai shekara goma sha bakwai a kan aiki, ta ɗauki maganar tsofaffin ƙauye ta gina dabara a kanta. Tsoro ne, ba komai ba.

Aikin ya tafi yadda ya kamata. Kowace kwalba rami biyu, don kada a ce kuskuren hannu ne. Ta ɗiga, ta rufe, ta jira, ta wanke sau huɗu. Da ta zuba ruwan da ke fito da launi, ta saka farantin a aljihun tebur don ba ya son haske, ta kunna agogo. Wilmar yana ba da labarin surukarsa, ana ta dariya, ita ma har ta yi.

Agogo ya yi ƙara. Ta jawo aljihun.

Layin ma'auni da kamfani ya aiko ya fito daidai, daga mai duhu zuwa mai haske. Ramukan ma'aikata duk fari-fari. Banda biyu. Biyun nan sun yi shuɗi sosai, kuma da ta ɗiga ruwan ƙarshe mai tsayar da aiki, suka juye rawaya a kan idonta, rawaya mai kauri kamar gwaiduwar ƙwai.

Abin da ta fara ji, kuma har ta mutu ba za ta yafe wa kanta ba, sauƙi ne. Na ɗan lokacin numfashi ɗaya zuciyarta ta ce, ba nawa ba ne. Sai numfashi na biyu ya zo da sunan mai shi.

"Tabɗi," in ji Wilmar, yana leƙawa. "Sun aiko mana da ruɓaɓɓen kaya. Ko kuma wani a cikinmu ya sha giyar rake ta hau masa kai. Wane ne huɗu? Dona Dora, faɗi gaskiya, ni ne ko?"

Babu wanda ya yi dariya. Dakta Cadavid ta sauko da tabaraunta, ta daɗe tana kallon farantin, ta ce a sake, ita da hannunta. Aka sake da yamma. Bakwai fari, ɗaya rawaya. Ta miƙa hannu ta karɓi takardar lambobi, ta karanta, ta ninke ta biyu ta sa a aljihu, ta ce kowa ya tafi gida. "Doralba, ke ki tsaya."

A ofis ta ja kujera ta zauna kusa da ita, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kin buge kanki kwanan nan? Faɗuwa, haɗari, wani abu?"

"A'a, Dakta."

"Hannu ko ƙafa na yi miki nauyi? Ido na gani biyu-biyu?"

"Dakta, ba jinina ba ne."

Ta faɗa mata duka, tun daga mahaifiyarta har rantsuwar bakin kabari, har bokitin shara. Fuskar Dakta ta sauya sau biyu, daga tausayi zuwa fushi, daga fushi zuwa wani abu da ya fi su nauyi.

"Kin san abin da kika yi? Mutumin nan suga ya ba ki ki duba. Kin shiga kansa ba da izininsa ba."

"Na sani."

"Ba ki sani ba, da kin sani da ba ki yi ba." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ki saurare ni da kyau. Wannan ba hukunci ba ne. Kaya ne sabo, jini ne da ya kwana a ƙanƙara, kuma suga kansa yana taɓa jijiyoyi. Abin da farantin ya ce kawai, akwai abin da ke zuba. Bai faɗi mene ne ba. Ki kawo shi a duba shi yadda ya dace."

"Ba zai zo ba. Shi ya sa muka rantse."

"To ke ce za ki san yadda za ki yi da abin da kika ɗauko. Ni ba zan iya mayar da shi cikin kwalba ba." Har Doralba ta kai ƙofa ta sake kiranta. "Naki fa?"

"An kwashe shara tun da rana."

Kwana huɗu ta riƙe maganar sugan nan kamar igiya. Suga ne. Ai Dakta da bakinta ta faɗa. Ta karanta takardu, ta samu inda aka ce yana ɗaga lambar, ta ƙi karanta inda aka ce da kaɗan ne.

Ranar Lahadi ta hau motar safe. Sa'a uku ana nausawa sama, ana zaga duwatsu, har kunnuwanta suka toshe. Tun daga kan gada ta hango hayaƙi a gidan Libardo. An riga an yanka aladen, ana babbake shi da busasshen ganye, mata sun kewaye tukwanen wake, an ɗaure wa ƙofa balan-balan. Shi kuwa gogan yana tsakiya da hularsa ta kaba da jakar fata a kafaɗa, wuƙa a hannu, yana ba kowa umarni.

"Ga Auta! Ga likitar gidanmu! Ke, haka ake rama a birni? Luzmila, ba ta ƙashin haƙarƙari kafin iska ta ɗauke ta."

Ya rungume ta ya ɗaga ta sama, yana warin hayaƙi da madara. Ta ƙura masa ido, ta yi ta kallonsa duk safiyar kamar mai neman ƙwarƙwata. Ba ta ga komai ba. Ya kira kowane baƙo da sunansa da sunan ubansa. Ya tuna wa tsohon limamin coci ranar da jakinsa ya jefar da shi a rafi shekara talatin da suka wuce. Ya faɗi sunayen shanun gonaki tara a jere ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Da aka ɗaga ƙananan kofuna, ƙanensa Hernán ya ce, "Ɗaya ya tsallake!" jama'a suka amsa da ihu, mata na sharar hawaye. Doralba ta ji ƙirjinta ya buɗe. Suga ne. Na rantse suga ne, ta ce a ranta, ta ci naman har ta nemi ƙari.

Kafin a zuba wake ya kama hannunta. "Auta, zo in nuna miki wani abu."

Bayan kicin ya kai ta. Ya gina sabon ɗaki, da hannunsa, farar ƙasa ba ta gama bushewa ba. Ya shiga yana nuna mata da alfahari. Babu dakali a bakin ƙofa, don kada a yi tuntuɓe. Ga ƙarfe a jikin bango daga gado har banɗaki, na dafawa. Taga na kallon kwari, da sanduna, amma ya shafa musu koren fenti don kada su yi kama da na kurkuku. Babu madubi, saboda Mama takan tsorata da matar da take gani a ciki.

"Sakata kuma daga waje take, kin gani? Amma na sa mata mai, ba ta ƙara. Gilma takan yi kuka in ta ji ƙarar sakata."

"Na wane ne, Yaya?"

"Na duk wanda ya riga. Ke, ko Hernán, ko Nidia. Ba fata nake ba, amma tunda Allah ya bar ni, ai don ku ya bar ni. Kada ki sake kwana kina tsoro a birnin nan, kin ji? Ga ɗakinki da taga." Ya yi dariya ya dungure mata kai. "Ko da yake ke surutunki ba zai bar wauta ta zauna ba. Af, sugana fa? Me ya ce?"

Maganar ta zo mata har bakin harshe. Ta kalli farar ƙasar da ta maƙale a farcensa.

"Yana nan daidai. Ka dai rage zaƙi."

"Yau kam ba ragi."

Aka ci, aka sha, aka kaɗa garaya irin tasu, tsofaffi suka taka rawa. Wajen la'asar gajimare ya sauko ya rufe kwarin, kamar yadda yake yi kullum, sanyi ya shigo, mutane suka fara yafa barguna. Doralba na bayan gida tana taya Luzmila, matar Libardo, wanke tukwane. Ta lura matar ba ta ci komai ba tun safe, kuma duk inda mijin ya juya idonta na biye da shi.

"Luzmila, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Gajiya ce." Ta ci gaba da dirzar tukunyar da ta riga ta fita. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yanzu ni nake raka shi zagayen madara. Na ce masa iska nake so in sha."

Doralba ba ta tambaye ta tun yaushe ba. Hannunta na cikin ruwan sanyi ta ji takunsa a bayanta, takun da ta sani tun tana rarrafe. Ya tsaya yana goge hannu a wando, fuskarsa cike da murna irin ta yaron da ya ɓoye kyauta.

"Auta, ashe nan kika maƙale. Bar tukwanen nan, zo in nuna miki wani abu."

Luzmila ta daina dirza. Ba ta juyo ba, kafaɗunta ne kawai suka sauka.

Doralba ta tsame hannunta ta goge a zane. Ta miƙe.

"Mene ne, Yaya?"

"Ke dai zo. Ba ki taɓa ganin irinsa ba."

Ta bi shi bayan kicin. Ya nuna mata bakin ƙofa marar dakali, ta ce kai, wannan dabara ce. Ya nuna mata ƙarfen bango, ta dafa ta jijjiga, ta ce ko bijimin sa ba zai cire shi ba. Ya nuna mata koren fentin taga, ya gaya mata dalilin da ya sa babu madubi, kalma a kan kalma, har inda ya tsaya ya ja numfashi ɗazu nan ya sake tsayawa. Ta yaba komai da murya mai ƙarfi don kada ya gane.

"Sakata kuma daga waje take, kin gani? Na sa mata mai."

Yana tsaye daga ciki, ya jingina da ƙarfen da ya kafa, hasken taga na bayansa. Ita tana bakin ƙofa.

"Tana da ɗan wayo," in ji shi. "Sai kin ɗaga ƙofar kaɗan da gwiwa kafin ta shige. Ba kowa zai iya ba."

"To koya mini, Yaya," ta ce. "A hankali, yadda zan riƙe."

Ya ja ƙofar ta rufu a tsakaninsu, yana gaya mata ta cikin katako inda za ta sa gwiwa. Ta ɗaga, ta tura. Sakatar ta shige ba ko ƙara.

"Yauwa, Auta!" ya ce daga ciki, yana dariya. "Kin ga hannunki ya iya tun a karon farko."